Ranar da Silvanus Ya Ceto Kan Nok

Duk wanda ya zauna a Kafanchan ya san Silvanus, in bai san shi da ido ba to ya san muryarsa. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana yanka tikiti a tashar jirgin ƙasa, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka rantse shi ya shimfiɗa layin dogon da hannunsa. Da ya yi ritaya, bakinsa bai bi shi ba.

Abin ya faro ne ranar da ya je Kaduna tantance 'yan fansho. Ya ɓata hanya cikin wani otal, ya faɗa zauren da wata ƙungiya ke taro a kan yadda ƙasa za ta kare al'adunta da masu fasaharta, mawaƙa da 'yan fim da masu ginin tukwane. Har ya juya zai fita, sai ya hango ana jera shinkafa da kaji a bayan zauren. Ya nemi kujera ya zauna. Da aka tashi ya fito da jaka, da littafi mai shafi tamanin, da wani kati mai igiya da ake ratayawa a wuya. Abin da aka rubuta a katin kawai shi ne ya halarci taro. Littafin kuwa shafi uku ya karanta a mota, barci ya kwashe shi tun kafin Kachia.

Ya tarar da matarsa Hellen a tsakar gida tana juya cittar da ta shanya.

"Maman Doreen, miƙe ki gaishe ni da kyau. An gano ni."

"Sannu da hanya. An tantance ka?"

"Wace tantancewa? Dubi wuyana." Ya girgiza katin. "Daga yau al'adun Kudancin Kaduna kaf suna hannuna. Waƙa, rawa, tukunya, har gwaten acca. Akwai folisi."

Hellen ta saki cittar. "Folis? Yesu! Me ka yi musu?"

"Ba folis ba, folisi! Tsari ke nan, manufar ƙasa. Ba satar waƙa, ba cika mana kunne da kiɗan waje, ba fita da kayan tarihi. Ki ba ni wata biyu. In ba a kira ni Abuja an rataya mini lamba ba, ki canza mini suna."

"Wa ya naɗa ka?"

"Irin wannan aikin ba a naɗi. Ganewa ake yi."

"To, Baban Doreen, ka gane hanyar banɗaki tukuna. Ruwa yana kan wuta."

Ranar Litinin da safe ya sa kwat ɗinsa ta zamanin aiki, ya rataya katin, ya nufi shagon Onyekwere. Onyekwere maƙwabcinsa ne, haifaffen Kafanchan, mahaifinsa direban jirgi ne da ya zo daga gabas. Yana sayar da lasifika da caja, yana kuma zuba wa mutane waƙoƙi a waya da faifai.

"Oga Silva, ina kwana? Wa ya mutu ka sa kwat?"

"Satar fasaha ce za ta mutu yau. Wancan kwalin na mene ne?"

"Faifai ne. Na mutane ne."

"Ina takardar izinin mawaƙan?"

"Su da kansu suka kawo na buga musu."

"Haka kowane ɓarawo yake cewa."

"Oga Silva, ni da kai mun sha kunu kwano ɗaya. Ajiye kwalin nan. Masu shi ba su da wasa, na gaya maka."

Silvanus ya ɗora kwalin a ka. Ya bi ta tsakiyar kasuwa da gangan, yana tsayawa kowace rumfa yana sanar da cewa ya kama faifan sata ɗari biyu a yini ɗaya, abin da Legas ta kasa. Ya kai gida ya tura kwalin ƙarƙashin gado ya kulle ɗakin.

Da la'asar ya ji kiɗan tulu daga nesa. Ya yi murmushi, ya ce al'ada ta fara farfaɗowa. Kiɗan ya matso, ya matso, har ya tsaya a ƙofar gidansa. Da ya leƙa sai ga zumuntar matan ikilisiyarsu, mata sun fi arba'in, zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, da tuluna da caki. Faifan nasu ne. Shekara biyu suka yi suna shirya waƙoƙin, ranar Lahadi za a ƙaddamar. Ba wadda ta zage shi. Tabarmi suka shimfiɗa suka zauna, suka ɗauko waƙa ta farko daga cikin goma sha huɗu. Mai ba da waƙar kuwa Hellen ce.

"Maman Doreen! Har da ke?"

"Ni ce sakatariya, ka manta?" Ta juya ta ci gaba da rerawa.

Ya jure har waƙa ta shida. A ta bakwai suka fara sa sunansa a inda sunan Fir'auna yake. Unguwa ta cika maƙil. Silvanus ya fito da kwalin a ka, ya ajiye gaban shugabar zumunta, ya gyara kwat.

"Na kammala bincike. Faifan nan na gaske ne. Na amince a ƙaddamar."

"Mun gode, Baba," in ji shugabar. "Saura bakwai, sai mun ƙarasa." Suka kuwa ƙarasa.

Da wani ne, da sai ya yi sati bai fito ba. Silvanus ya ce wannan gwaji ne, kuma ya nuna tsarin yana aiki.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka yi bikin auren wata 'yar'uwar Hellen a Fadan Kaje. Hellen ta roƙe shi ya bar katin a gida. Ya ce to, ya cusa shi cikin riga. A wurin liyafa ya zauna kusa da lasifika da biro da takarda, duk waƙar da aka sa sai ya ja layi, ta gida dama, ta waje hagu. A cewarsa, cikin waƙa goma dole bakwai su zama na gida. Ko a shafi na uku ya gani, ko a mafarkin da ya yi a mota, shi kansa bai tabbata ba.

Ango da amarya suka fito rawa. Aka sa wata waƙa mai duka kamar ana sassaƙa turmi, mawaƙin yana zuba magana da sauri ba numfashi. Fili ya kaure da ihu, har tsofaffi suka miƙe. Silvanus ya kasa kunne, bai ji Hausa ba, bai ji Turancin da ya sani ba. Ya ja layi a hagu, ya ƙirga, ya ga hagu ta yi yawa. Ya zaro katin, ya zagaya bayan rumfa, ya kashe janareto.

Wuri ya yi tsit. Amarya ta tsaya da ƙafa ɗaya a sama.

"Jama'a, ku yi haƙuri!" Ya fito yana ɗaga katin. "Folisi ta hana! Ba za mu zauna a ƙasar kakanninmu muna rawa da waƙar Amurka ba!"

Wani dogon mutum mai jar hula ya tako. Jason ke nan, yayan amarya, mawaƙi ne da ke zaune a Jos.

"Baba, wace waƙar Amurka?"

"Wadda na kashe yanzu."

"Waƙata ce. Ni na rera wa ƙanwata. Da Jju na yi ta, yaren garin nan. Sunayen kakanninmu nake jerowa."

Silvanus, da ba ya jin Jju ko na gaisuwa, ya ɗan yi tari. "To ai sauri ka yi da yawa. Kakanni ba a kiransu da gudu."

Aka koma kan janareto. Aka ja igiya, aka ja, ya ƙi tashi. Maza huɗu suka gwada. Kakar amarya, wata tsohuwa mai sanda, ta ce a bar wahala.

"Tunda shi ne mai al'ada, kuma shi ya kashe mana kiɗa, a ba shi fili ya yi mana ta gargajiya. Amarya ba za ta zauna ba rawa ba."

Aka yi da'ira, aka tura shi tsakiya. Silvanus ya lalubi kansa, ya tarar ba waƙar gargajiya ko ɗaya da ya sani daga farko har ƙarshe. Ya buɗe baki, abin da ya fito sai jerin tashoshin jirgi, daga Kafanchan zuwa kudu, yana ja yana karkaɗa murya, yana buga ƙafa. Ya kai Lafiya, ya kai Makurɗi, gumi yana zuba, baki a wangame. Yana shirin tsallaka kogi janareto ya tashi da kansa, waƙar Jason ta rufe shi. A motar komawa gida Hellen ta ce wa kwandasta ba tare suke ba.

Bayan wannan ya yi wata guda yana neman babban kamu. Ya ce waƙa ƙaramin abu ce, kayan tarihi su ne ke kai mutum Abuja. Kowa a yankin ya san kawunan yumɓun da aka tono a Nok, masu shekaru fiye da dubu biyu, ya kuma san akan sace su a kai Turai. Silvanus ya mai da tashar mota ofishinsa. Kullum yana can yana leƙa but ɗin motoci, yana matsa buhunan citta, yana shinshina kwalaye.

Wata Alhamis da hantsi Badruddeen, direban motar Abuja, yana ɗaure kaya sai gindin wani kwali ya buɗe. Ciyawa ta zubo, tsohon zane ya warware, wani jan abu ya leƙo. Silvanus ya yi tsalle kamar an mintsine shi.

Kai ne na yumɓu, girman kan mutum. Idanu masu kusurwa uku da huji a tsakiya, baki a buɗe.

"Na kama! Badaru, kai ne ashe!"

"Ni ne me, Baba? Saƙo ne. Ɗan acaɓa ya kawo daga Kwoi, ya ce wata mata ce ta aiko, a kai wani otal a Abuja kafin Asabar da yamma."

"Daga otal sai jirgin sama, daga jirgin sama sai Jamus. Ka san shekarun abin nan?"

"Ban tambaye shi ba."

"Dubu biyu da ɗari biyar! Ka ɗaure kakanmu da igiyar roba a kan buhun citta!"

"Baba, ka sakar mini kayan mutane, fasinja na jira."

Suka kama kwalin, wannan na ja wancan na ja. Silvanus ya ga za a fi ƙarfinsa, ya ɗaga kai ya kwarma ihu: "Folisi! Folisi!"

Tasha ta ji "folis". Masu lodi suka watse, mai shayi ya kife tukunya, wani direba da takardunsa suka ƙare ya tsallake katanga. Badruddeen ya waiga ya ga ta ina suke zuwa, kafin ya juyo Silvanus ya haye acaɓa da kwalin a ƙirji. Kafin azahar labari ya zagaye gari cewa an kama Badruddeen da kayan tarihi. Shugabannin tasha suka karɓe masa mukulli, suka ce motarsa ba za ta yi lodi ba sai an gane gaskiya.

A gida Silvanus ya ɗora kan a kan matashin kujera, ya ajiye bisa teburin falo, ya kafa doka: ba taɓawa, ba ɗagawa, ba tari kusa da shi. Hellen ta shigo ta tsaya tana kallo. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu.

"Baban Doreen, kamar na san fuskar nan."

"Dole ki sani. Jini ne. Kakanmu ne gaba ɗaya."

"A'a, kamar na taɓa ba shi abinci."

"Fita mini daga gidan tarihi."

Ranar Juma'a ya yi ta yawo yana gayyata. Ya gayyaci mai unguwa, ya gayyaci fasto, ya gayyaci wani mai ɗauko wa rediyo labari. Ya samu lambar wata malamar jami'a mai binciken kayan Nok, Dakta Fatimatuzzahra'u, wadda ta zo aiki yankin, ya ce mata ya ceto abin da zai girgiza duniya. Ya ari kujeru da rumfa, ya sa Onyekwere ya kawo lasifika. Onyekwere ya ce kyauta zai kawo, don ba ya so a ba shi labari.

Asabar da ƙarfe goma filin makarantar unguwa ya cika. Kan yana bisa tebur an lulluɓe shi da leshin Hellen. Silvanus ya karɓi makirfo ya yi minti arba'in yana bayanin yadda ya yi kokawa da 'yan fasa-ƙwauri shida, biyu da wuƙa. Sannan ya kama bakin leshin ya yaye.

Aka yi tafi. Ya tsaya dab da kan, kafaɗa da kunne, don mai hoto ya haɗa su.

"Jama'a, ni da na yi kwas a kan wannan fanni, kallo ɗaya nake wa abu in karanta shi. Ku dubi goshin nan, ya tafi har ƙeya ba gashi. Ku dubi kunnuwan nan, kamar faranti. Wannan ba sarki ba ne. Sarakunan Nok ba su da irin wannan kunne."

Wata mata a layin gaba ta dubi kan, ta dubi Silvanus, ta toshe baki da ɗankwali.

"Ku dubi bakin. A buɗe yake, ga wushirya. Me wannan ke nuna mana? Yana nuna mutum ne mai surutu. Kowace fada tana da irinsa, wanda ba a tambaye shi ba amma sai ya yi magana. Kakanninmu suka gina shi don a riƙa nuna wa yara, a ce kada ku zama kamar wannan."

Dariya ta fara daga baya tana tahowa kamar ruwan sama. Fasto ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Mai unguwa ya ciro hankici. Silvanus ya ji daɗi, ya ɗauka jawabinsa ne ke shiga.

"Oga Silva!" Onyekwere ya ɗaga hannu daga wajen lasifika. "Wannan mutum, ya bar jikoki a Kafanchan?"

"Mai yiwuwa. Irin wannan iri ba ya ɓacewa."

"Gaskiya ne. Ya yi aikin reluwe?"

Fili ya fashe. Hellen ta ja leshinta ta rufe fuska da shi.

Dakta Fatimatuzzahra'u ta taso a natse, ta nemi izini ta duba. Silvanus ya ce ta yi a hankali, abin ya girmi jami'arsu. Ta ƙwanƙwasa shi da farce, ta shinshina, ta ce yana ƙanshin hayaƙin ciyawa. Sannan ta ɗaga shi ta juya gindin sama.

"Baba, ka duba ƙarƙashinsa?"

"Ba a juya kakanni."

"Akwai rubutu."

"Rubutu!" Ya fizge makirfo. "Kun ji! Rubutun Nok! Turawa sun ce ba mu da rubutu, ga shi yau na tono!"

"Lambobi ne, Baba. Goma sha ɗaya. Na farkon sifiri ne."

Silvanus ya leƙa. Ya goge tabarau ya sake leƙawa. "To wannan ya ƙara tabbatar da maganata. Mu muka ƙirƙiro lissafi."

"Dakta, karanto mana," in ji Onyekwere, waya a hannu.

Ta karanto, yana dannawa. Ya kara wayar a makirfo. Fili ya yi shiru, ana jin ƙarar shiga ta lasifika. Sai ga wata waya ta ɗauki kuka daga bakin ƙofar makaranta.

Kowa ya waiga. Wata gajeriyar mata ce kakkaura, ta ɗaure zane a ƙugu, hannuwanta jajaye da yumɓu har gwiwar hannu. Badruddeen yana bayanta. Tun jiya ya hau acaɓa zuwa Kwoi yana neman wadda ta aiko saƙon, daga can aka nuna masa hanyar Nok. Matar ta ciro wayar daga ƙugu ta kara a kunne, tana tahowa tana kallon Silvanus.

"Alo," muryarta ta fito ta lasifika. "Bernice ce, mai tukwane. Wa ke neman kakansa?"

Sai da mai unguwa ya buga sanda sau uku kafin a ji magana. Bernice ta iso teburin, ta karɓi kan daga hannun Dakta, ta duba shi gaba da baya kamar uwa ta karɓi ɗanta daga hannun baƙo.

"Sati uku ke nan da na gasa shi. Mu goma sha biyu ne mata a Nok, muna gina irin na da, muna sa lamba a gindi don kowa ya san sabo ne. Wani otal a Abuja ya ce mu aiko ɗaya su gani. In ya yi musu, za su sa a kowane ɗaki. Yau da yamma ne ƙarshe, in bai isa ba za su ba wasu masu yin na roba. Shekara uku muna neman irin wannan hanya, Baba. Kai kuma ka ɗauke ka sa masa leshi."

"Ƙarya ne!" Silvanus ya ce, amma muryar ta sirance. "In ke kika gina, wa kika kalla? Irin wannan fuska ba a ƙirƙiro ta da ka."

"Ai ban ƙirƙiro ba. Na je biki Fadan Kaje wata guda da ya wuce. Wani mutum ya kashe janareto, aka sa shi waƙa, ya buɗe baki yana kiran Makurɗi. Na ce Ubangiji, ga Nok da rai. Ina komawa gida na kwaɓa yumɓu."

Ta ɗaga kan ta kai shi gefen fuskarsa. Bakin Silvanus a lokacin a buɗe yake, ga wushirya.

Abin da ya biyo baya ba a iya kiransa dariya. Mai rediyo ya zauna a ƙasa. Wani dattijon ikilisiya sai da aka ba shi ruwa. Hellen ta leƙo daga cikin leshi ta ce, "Na gaya maka na taɓa ba shi abinci."

Silvanus ya shafa kunnensa. "Kin ƙara musu girma."

"Na rage, Baba. Yumɓun bai isa ba."

Dakta Fatimatuzzahra'u ta ɗauki littafinsa mai shafi tamanin da ke kan tebur, ta buɗe wajen tsakiya, inda takardun ke manne da juna tun daga maɗaba'a.

"Baba, ga shi nan a littafinka. An ce a tallafa wa masu gina sababbi irin su Bernice, a nema musu kasuwa, don mai son kan Nok ya sayi nasu ya bar na cikin ƙasa ya huta. Ita ce wadda aka ce ka kare."

"Ban kai nan ba tukuna," in ji Silvanus.

Mai unguwa ya share hawaye ya yanke hukunci. A mayar wa Badruddeen mukullinsa yanzu, Silvanus kuma ya je tasha ya wanke shi da bakinsa a gaban kowa. Kan zai isa Abuja yau. Tunda kwalin ya yage, kuma ba wanda ya kai Silvanus sanin darajar abin, shi zai riƙe shi a cinya har ƙofar otal.

"Ranka ya daɗe, a nemo wani kwalin mana."

"Ba lokaci. Ku tashi."

Haka aka yi. Aka sa shi gidan gaba, kan yana zaune a cinyarsa yana kallon titi, Bernice tana bayansa tana tsawata masa duk sanda aka faɗa rami. Rabin unguwa suka rako su tasha. Masu lodi suka jeru suna ɗaga hannu.

"Sauka lafiya, ku biyu!"

A Kwoi mai sayar da ayaba ta miƙo hannu ta taga ta ce, "Baba, saya wa ƙaninka." A wani shingen hanya wani jami'i ya leƙo, ya dubi na sama, ya dubi na ƙasa, ya kira abokin aikinsa ya zo ya gani, suka ce a wuce ba tare da sun tambayi takarda ba. Duk tafiyar Badruddeen yana danne dariya, kafaɗunsa na rawa a kan sitiyari.

Sun isa otal ɗin saura kaɗan manajan ya tashi. Bernice ta gabatar da kanta, Silvanus ya ajiye kan bisa teburin karɓar baƙi ya tsaya gefensa yana miƙe baya. Manajan ya sa tabarau, ya zagaya teburin, ya daɗe yana duba aikin. Ya ce hannun da ya gina wannan ya san abin da yake yi, suna son arba'in, kuma duk da wannan fuskar, kada a canza komai. Bernice ta dafe ƙirji ta ce, "Na gode wa Yesu." Ta fita waje da gudu don ta kira matan Nok.

Manajan ya sake duban kan, ya dubi mutumin da ke tsaye kusa da shi. Ya cire tabarau ya mayar.

"Yi haƙuri, Baba. Kai ne...?"

Silvanus ya gyara kwat, ya daidaita katin a ƙirjinsa, ya ɗaga haɓa daidai yadda na yumɓun ya ɗaga.

"Ni ne na asalin," ya ce. "Ka kalla da kyau, amma ban da taɓawa. Folisi ta hana a fita da ni daga ƙasar nan."